Alamar Ɗan Koyo a Bayan Motata

Doña Nélida, ki taimake ni, ko da yake ban taɓa ganin wanda jarida ta gyara wa rayuwa ba.

Shekarata sittin da takwas. Na karanta injiniyanci tun lokacin da ake karatu na gaske, na fito na ɗaya, na ƙare ina koya wa 'ya'yan masu gonakin waken soya lissafi. Sau uku ana ɗauko yaran da na horar ana ɗora su a kaina. Da na yi ritaya na sayi jar mota mai kujera biyu, ta hannu. Shekara tara tana lulluɓe a gareji. Ranar Lahadi nake kai ta gidan burodi in dawo. Matata Ofelia ta ce a duk garinmu na Córdoba babu burodin da ake yi wa rakiya irin namu.

A teburinmu na shagon kofi ni ke bayanin yadda ake shan kwana: inda ake taka birki, inda ake sakinsa. Har zane nake musu a takardar goge baki. Farfesa suke ce mini. Wani ya taɓa cewa ai na yi tseren mota a samartaka. Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba.

To, akwai ƙungiyar da ke hayar filin tsere na bayan gari Asabar ɗaya a wata, kowa ya kawo motarsa ya sake ta, ba gasa. Bakanikena Evaristo ya tambaye ni a gaban jama'a ko motar tawa hoto ce. Sai na ce zan shiga filin. Yanzu duk teburin za su zo kallo, har da nama da gawayi.

Na karanta ƙa'idojin. Sabon shiga ana manna masa ƙatuwar alamar ɗan koyo, rawaya, a bayan mota. Idan wanda ya fi shi gudu ya taho, dole ya fito da hannu ta taga ya yi masa nuni ya wuce. Ni, da hannuna! An sha wuce ni a duniyar nan, amma ba a taɓa sa ni in nuna hanya ba.

Juma'a ake rufe rajista. Na so in ce birki ya lalace, sai na tuna Evaristo ne ya ɗaura shi.

Farfesan Tebur

Farfesa,

Akwai dalilan ƙin zuwa masu kyau. Inshora ba ta bin mota cikin filin tsere, yini ɗaya yana cin taya da birki, wuyan ɗan shekara sittin da takwas kuma ba ya son hular kwano. Ka ga likita, ka tambayi Ofelia tsakani da Allah. In ɗayansu ya hana, ka zauna, ba abin kunya. Sai dai ba ka kawo ko ɗaya cikin waɗannan ba. Takarda rawaya ka kawo.

Bakanike yana karanta taya kamar yadda kake karanta lissafi. Evaristo ya daɗe da sanin gefen tayoyinka bai taɓa shan kwana ba, kuma abin da bakanike ya sani, teburi ya sani. Duk da haka suna zuwa da nama. Mutane ba sa sayen gawayi don wanda suke so ya kunyata.

Gobe, kafin kofi ya huce, ka ce musu: ban taɓa shiga fili ba. Za su yi maka tsiya na mako guda, kuma kai ka jawo ta. Sannan ka yi rajista.

Game da hannun: waɗanda suka wuce ka a wurin aiki ba su nemi izininka ba. A filin nan mai gudu yana jira a bayanka har sai ka yarda.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai da motar a haɗe.

Nélida