Butar Baffa Bubayero

Gaya,
14 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga Yayana Datti, a Agege.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya sa albarka a goron da kake jujjuyawa, Ya tsare ka daga motocin Ikko. Mu nan gida alhamdu lillahi. An yanke gero, dawa ta kusa, bana dai an sami abin zubawa a rumbu, ba kamar bara da fari ya bar mu muna kallon sama ba. Ƙanwarmu Hansai ta sauka lafiya a Balan, an sami mace, an sa mata A'isha. Inna tana fama da gwiwarta, bakinta kuwa lafiya lau, ni ne shaida. Baba ne ba ya jin daɗi, kuma dalilin wannan takarda ke nan. Ka san halina, Yaya. Da wani ne ya yi ɓarnar, da na cika maka takarda uku ina yi mata ado. To ni na yi, don haka zan faɗa maka ita ba gishiri.

Shekara goma sha ɗaya rabonka da gida, amma na san ba ka manta zauren Baba ba, da yadda fatake da Fulani masu kawo shanu kasuwa suke sauka wurinsa tun kafin a haife mu. Ka kuma tuna dokokinsa biyu. Ta farko, ba a tambayar baƙo kwana nawa zai yi, domin Baba yakan ce wanda ya tambayi baƙo ranar tafiya ya riga ya naɗe masa tabarma a zuciyarsa. Ta biyu ita ce ta butoci: duk wanda ya mai da gidan nan masaukinsa yakan rataye butar alwalarsa a ƙusa a bangon zaure in zai tafi, alamar zai dawo. Mai buta a bango ba ya sallama irin ta baƙi, shigowa yake yi ya sauke abarsa. Bara butoci talatin da ɗaya ne a bangon nan, kuma ta farko daga ƙofa ita ce ta Baffa Bubayero na Toranke, aminin Baba, wadda aka ɗaure wa hannu da fata. Shi ne ya ba da ragon sunana, Inna ba ta gajiya da tuna mini.

Bara, kafin azumi, wani saurayi mai suna Malam Abdulsalam ya zo garin nan daga wata jami'a, da jaka cike da takardun tambayoyi da rikoda mai cin batir kamar me. Ya ce bincike yake yi a kan yadda ake tafiyar da masaukai da ƙananan sana'o'i, wai nan gaba masu yawon buɗe ido za su riƙa shigowa ƙasar nan, ana so a san ina za su kwana, wa zai ba su abinci. Aka ce masa ya nemi Maikuɗi dillali, shi ne ya yi firamare, shi ne kuma bakinsa ba ya mutuwa. Na karɓe shi hannu biyu. Na zaga da shi Gaya da Ajingi, na kai shi wurin masu tuwo da masu shayi, inda ba su san amsa ba na amsa musu. Yaro ne mai ladabi, ba ni da abin zarginsa. Rannan ya ba ni labarin otal-otal na Kano, yadda ake ajiye tebur a bakin ƙofa da babban littafi, a rubuta sunan baƙo da garinsu da kwanakin da zai yi. Sai ya tambaye ni ko mu ma muna da tsari irin wannan a gidan Baba. Yaya, kunya ta kama ni. Na dubi bangon nan da tsofaffin butoci suna lilo, na ga kamar ƙauyanci ne a rataye. Bakina ya riga hankalina, na ce masa ai mu mun daɗe da littafi, an kai shi ɗinki ne kawai. Ya ce madalla, zai dawo ranar kasuwa da kyamara ya ɗauki hoto.

Ka ga ƙarya ta buƙaci tebur. Na aro na makarantar firamare, na sayi littafi mai bangon kwali, na zana layuka, na cika shafi biyu da sunayen da na ƙirƙiro don kada ya zama sabo fil. Baba ya tambaye ni menene wannan, na ce wasan 'yan boko ne na yini ɗaya. Ya girgiza kai ya tafi masallaci sallar azahar. Ina zaune a bayan tebur, hula a karkace, biro a kunne, Malam Abdulsalam yana saita kyamara, sai ga Baffa Bubayero ya shigo. Da ƙyar na gane shi. Fari ya cinye masa garke, mutumin da yakan shigo garin nan da shanu arba'in ya zo da uku, su ma ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Matata Hanne ta aiko masa da ruwa a ƙwarya, ya karɓa ya tsuguna. Ni kuwa idona yana kan kyamara. Na gyara murya na ce ya faɗi sunansa. Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce, ya ce sunansa wanda ya ba da ragon da aka yanka wa wani marar kunya. Na rubuta. Na ce daga ina, ya ce daga inda na san shi. Da na tsaya nan, da yau ba na rubuta maka wannan takarda. Amma layi na uku yana nan fanko yana kallona, sai na ji kaina ina tambayarsa kwana nawa zai yi.

Bai yi faɗa ba, Yaya, kuma wallahi na fi son a ce ya ɗaga sandarsa ya kwaɗa mini. Ƙwaryar ta kusa kai bakinsa, ya mai da ita ƙasa bai kurɓa ba. Ya dube ni, ya dubi shanunsa uku a ƙofar gida, ya ce a hankali ai ya gane, mai shanu uku dole a san ranar tafiyarsa. Ya miƙe ya sauke butarsa daga ƙusa ya fita. Na bi shi har bakin hanya ina rantsuwa wasa ne, ina kiransa Baffa, Baffa, bai waiwayo ba. Da Baba ya dawo bai kalli teburin ba, bangon ya kalla. Ya ga ƙusa ta farko fanko, ya ga ƙwarya cike da ruwa a ƙasa, ya tambaye ni abu ɗaya, ko ya sha. Na ce bai sha ba. Baba ya zauna a inda yake tsaye.

Washegari ya ce in tafi Toranke in durƙusa. Ni da nake shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa suna zagin juna in raba su suna dariya, na rasa fuskar da zan kai wa tsoho ɗaya. Na ce sai bayan salla. Bayan salla na ce sai an gama ɗaukar gyaɗa. Sau ɗaya na hango shi a kasuwar Ajingi yana alwala da butar nan a gindin tsamiya, na laɓe bayan masu buhuna har ya tafi, na dawo na ce wa Baba ban gan shi ba. Labari kuwa ya zaga rugage cewa gidan fatoman Gaya, wato masaukin Baba, yanzu ana ƙirga wa talaka kwana. Ba wanda ya zo ya yi mana magana. Sai dai kowace ranar kasuwa wani ya shigo ya gaida Baba da ladabi, ya sauke butarsa ya tafi. Yau saura tara. Baba da kansa ya yi niyyar zuwa da rani, ƙafa ta hana shi. Da na tashi zuwa da gaske, farkon damina, na isa Toranke na tarar da mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gidansa. Kwana uku ke nan da binne shi. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.

Watan jiya Malam Abdulsalam ya aiko da kwafin abin da ya rubuta, da Turanci, an buga da tafireta. Na buɗe ina neman hoton teburina, babu shi. Shafi huɗu ya yi a kan butoci. Ya ce a duk masaukan da ya zaga bai ga tsarin da ya kai wannan ba, wanda mai gida yake sanin mutanensa da ɗaga kai kawai, baƙo kuma yake da wuri ba tare da an tambaye shi kome ba, ya ce ya kamata masu manyan otal su zo su koya. Ashe tun ranar farko abin da ya burge shi ke nan. Na fassara wa Baba ina tsammanin zai ji sanyi. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko yaron ya rubuta cewa Bubayero ya bar gidan nan da ƙishirwa. Na ce bai rubuta ba. Ya ce to bai gama bincike ba.

Kwana goma sha biyu da suka wuce Hadi, babban ɗan marigayi, ya zo da ƙunshi. Ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya a mai da butarsa ƙusarta, wai ya yi fushi ne da yaro mai biro, bai yi fushi da bango ba, kuma da ya ga yaron ya zo ko sau ɗaya da ya biyo shi gida. Ka ji, Yaya, ko sau ɗaya. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa mini ya ce ni zan rataye. Na rataye. Hadi yana nan gidanmu har yanzu a ɗakin da mahaifinsa yakan sauka, ni nake kai masa ruwa da kaina, kuma ba na barin wurin sai na ga ya sha.

Amma tun ranar Baba ba ya cin abin kirki. Ya sa an mai da shimfiɗarsa zaure, yana yini yana kallon bangon. Bai zage ni ba, bai kore ni ba, in na gaishe shi yana amsawa, sai dai ya daina kirana Ɗan Baffa yadda ya saba. Shekaranjiya na ji yana tambayar Inna ko Datti ya bar buta a gidan nan da zai tafi. Inna ta ce ba ka bari ba. Ya mai da idonsa kan bangon. Ni na riga na ga abin da jinkiri yake yi, don haka ba zan ce maka sai bayan salla ba. Ka danƙa wa abokin cinikinka goron, ka hau jirgin ƙasa ka taho. Na kafa sabuwar ƙusa kusa da ta Baffa, ka zo da buta. Na kuma yi maka alkawari babu wanda zai tambaye ka kwana nawa za ka yi.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka zo mata da man zafi. Hanne da yara suna gaisuwa, Hansai ma ta ce in sa sunanta. Ka gaida matarka Hajara da su Tukur da Hindatu, da Malam Maiwada mai masaukinku. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka tarar da mu duka.

Ni ne ƙaninka,
Maikuɗi.