Jirgin Dawa Mai Bututu Rawaya

Karantina, Jidda, 9 ga Safar 1391

Yaya Mastura, Bur Sudan,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da yara? Ni lafiya lau, ƙafafuna ne kawai suka kumbura da sintiri.

Jirgin ruwan dakon dawar da Usuman ɗinmu ke aiki ciki, mai suna Ummu Hamad, yau kwanansa goma sha tara da barin wajenku, tafiyar kwana biyu fa! Kullum ina tasha ina karanta sunan kowane jirgi. Akawun tashar ya ce, "Yalla, dawo gobe." Na ce masa ɗan dako ne ni, amma na karanta allonsa, ba jirginmu a kai. Ya sa aka fitar da ni.

Ki je bakin ruwa ki duba, ko lalacewa ya yi ya koma. Ba ruwanki da rubutu: ƙarami ne, baƙi, bututun hayaƙinsa rawaya, rumbun kayansa biyu, ƙugiyar ɗaga kaya ɗaya. 'Yan dako za ki tambaya, masu ofis ba sa ganin mutum.

Inna kuwa, ki ce mata aiki ya riƙe Usuman. In ƙarya ce, ni na yi, ba ke ba. Allah Ya jiyar da mu alheri.

Ƙaninki,
Abdulgani