Yarinyar da Ba Ta da Gwaggo

Monze, Zambiya

Gwaggo Nabukenya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da mutanen Masaka da duk Uganda? Ni lafiya lau, koyarwa na tafiya, sai dai tuwon nshima ya kasa mantar da ni matoke, dafaffiyar ayabarmu ta gida. Ramar da kika gani a hoto, kada ta dame ki.

Gwaggo, ina tsaka mai wuya. An ce mu koya wa 'yan mata darasin balaga da kare kai. Fada Hamoonga, limamin Katolika mai kula da makarantarmu, ya ce, "Malama, ki tsaya kan kamun kai. Ranar da kika ambaci maganin hana ɗaukar ciki, ki tattara kayanki." Na san koyarwar Coci, ban kuma raina ta ba.

Amma jiya wata ɗalibata marainiya, Mutinta, ta tsaya bayan an tashi. Ta ce, "Malama, wai gaskiya ne a karon farko ciki ba ya shiga? Haka ya ce mini." Na ce, "Wa?" Ta sunkuyar da kai. Na ce ƙarya yake yi, na kuma ce mata ta dawo ran Juma'a.

Ke kika zaunar da ni a gonar ayaba kika faɗa mini komai ba ɓoye-ɓoye, kamar yadda gwaggo ke yi a al'adarmu, ran Lahadi kuma kika je coci kika karɓi Jikin Kristi hankali kwance. Yaya kika yi? Don Allah ki kira ni kafin Juma'a, ki kuma sa ni a addu'a.

Na tambayi Mutinta ina gwaggonta. Ta ce, "Ba ni da ita, Malama. Shi ya sa na zo wurinki."

'Yarki,
Namatovu