Mai Sunan Baba a Ɗakin Gwaji

Talata Mafara

Zuwa ga Yaya Taiba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da mutanen Maradun. Ya zafi?

Yaya, hankalina ba kwance yake ba. An tambayi ajinmu na koyon aikin jinya abin da muka fi so, lacca ko ɗakin gwaji. Kowa ya ce gwaji, ni kaɗai na zaɓi lacca. A lacca ina can baya, ba mai kallona, wani lokaci ma littafin soyayya na cikin hijabina. A ɗakin gwaji kuwa mutum-mutumin roba ne kwance a gado. Sai ki jijjiga shi, ki kira sunansa da ƙarfi, in bai motsa ba ki yi ta danna ƙirjinsa har fitila ta yi kore.

Kin san sunan da suka sa masa? Sunan Baba! Ta ina bakina zai kama shi, a gaban mutane kuma? Duk zuwa sai in tsaya ina murza yatsu ana dariya. Na kasa gaya wa Malama Lantana dalili. Ta ce in na sake yin shiru ranar jarrabawa, sai maimaita shekara. Ko littafina na buɗe, layi ɗaya nake ta karantawa.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Kyauta

Talata Mafara

Yaya Taiba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an yi jarrabawar.

Kafin nan na je gida Bakura. Na tarar da Baba ya dawo daga gonar albasa ta Bakolori, ya kwanta a tabarma yana haki, ƙirjinsa duk ƙashi. Ban taɓa lura ya rame haka ba.

Da na tsaya kan robar nan, shi na gani. Ban san lokacin da na ƙwala masa kira ba, Baba, Baba, har 'yan wani aji suka leƙo. Na yi ta dannawa ina hawaye, fitila ta yi kore ban daina ba, sai da Malama ta riƙe hannuna. Ta ce ba sunan da ke kan gadon na kira ba, amma ko gawa ce da ta ji ni. Na ci.

An sake tambayarmu. Laccar dai na ɗaga wa hannu, amma bai wuce kafaɗata ba.

Don Allah ki lallashi Baba ya zo a auna shi, ke yana jin maganarki. Kada ki gaya masa dalili.

Taki,
Kyauta