Yayen Halima rana ɗaya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Agadas da abokan zama? Kowa lafiya a gida, ban da 'yarka Halima.

Kai ka bugo waya ka ce a cire ta daga nono rana ɗaya, wai nonon mai ciki guba ne. Aka kai ta wurin Inna a Dogo-Dogo, babu abin da take sha sai farau-farau. Jiya na kai ta likita a Dungas, awon dantsenta ya faɗa ja, alamar haɗari. Tamowa ce. Malamar da ta auna ta ta tambaye ni ina ubanta.

Na maida ta wajen uwarta, ban nemi izininka ba. Gaida Kawu Isa. Ka yi mata addu'a, ita kaɗai muke so daga gare ka yanzu.

Ƙanwarka,
Rabi