Darasin Tanda a Bakin Teku

Dakhla, Maroko.

Zuwa ga Yaya Kulsumu,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Kaura, ya ƙafar Inna? Hanyar Zurmi ta lafa kuwa? Ni lafiya lau. Hannuwana ne kawai filasta, wani farin siminti da muke aiki da shi, ta tsattsaga, wannan kuwa ba ciwo ba ne.

A nan Turawa kan tsaya bisa allo, wata ƙatuwar lema tana jan su a kan teku. Maigidana ya sa ni yin mazubin filasta da za mu riƙa fitar da irin allon. Sau biyu filastar tana kama allon gam, sai da guduma. Ya ce in na ɓata na uku, in nemi aiki gaba. Ban roƙe shi ba, kin san halina.

Sai na tuno ki gaban tanda, kina shafa mai kafin ki zuba ƙullun masa. Na shafe allon da mai, na zuba filasta. Yaya, ya fito sumul kamar masarki! Aikina ya tsira.

Ki ce Inna ta ƙara addu'a. Na sha bugun ƙirji a gabanki cewa ba wanda ya koya mini komai. Na janye maganar. Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanenki,
Zubairu