Rasuwar Malam Najmuddeen Zailani Durun, Malamin Harsunan Kwamfuta

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Malaman Kwamfuta ta Gwarzo da Kabo ta sami labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Malam Najmuddeen Zailani Durun, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata bayan gajeruwar jinya, aka kuma yi jana'izarsa a mahaifarsa, Durun.

Marigayin ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, Alaramma Malam Zailani, kafin ya karanci kwamfuta a jami'a. Abokan karatunsa suka nufi Legas, shi kuwa ya dawo Gwarzo ya buɗe aji da tsohuwar kwamfuta a wancan zamani na tsuke bakin aljihu, in an ɗauke wuta ya koma allo da alli. Da aka ƙaddamar da Shari'a, ya ware wa mata ajin hantsi don kada karatunsu ya tsaya.

An fi saninsa da kwatanta harsunan rubuta manhaja, yadda kowanne ke gina aiki a kan abubuwa masu siffofinsu da ayyukansu. Yakan nuna cewa a C++ abu na iya gadon iyaye biyu, Java ta taƙaita shi ga ɗaya don gudun rikici, Smalltalk kuwa komai a wurinta abu ne. Bara, da musu ya yi zafi tsakanin malamanmu kan harshen da za a koyar, har wasu suka yi shirin ɓallewa, shi ya sa kowane ɓangare ya rubuta manhajar tsara jarrabawa da harshen da yake kushewa. Ya tuna mana cewa malaman fiƙihu ma sun saɓa, amma ba wanda ya ƙi karanta hujjar ɗan'uwansa. Albarkacinsa ƙungiyar nan ba ta dare ba.

Ya bar ɗalibansa a tsakiyar zango. Malama Zulaiha Lukuman Masanawa, wadda ta fi kowa ja da shi a wancan musu, ita ta roƙi a ba ta ajin, kuma mun amince.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alaramma, da mai ɗakin marigayin, Malama Bilki, da 'ya'yansu Mahbub da Najwa. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya gafarta masa, Ya sa ilimin da ya bari ya bi shi har kabarinsa.

Sa hannu:
Malam Bashari Nata'ala Kabo
Sakataren Yaɗa Labarai
Afrilu, 2002